Jan Tiyo da Randar Babanku

Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita a ciki, kuma tun da ƙafafuna suka fara ƙin kai ni ko bakin ƙofa ba tare da na huta ba, na ga gara in rubuta ta tun hannuna yana iya riƙe biro. Maganar Gwaggonku Kulu ce, yayar babanku da ke Argungu. Kai Nasiru, da ke Hafsatu, da kai Aminu, na san abin da kuka riƙe a kanta. Kuna ganin ita ta shayar da babanku gurɓataccen ruwa har ciwonsa ya yi tsanani, shi ya sa ko gaisuwar Salla ba kwa yi mata sai in na matsa. Abin da kuka sani ba daidai ba ne, kuma daga bakina kuka ji shi. Don haka ni ya kamata in gyara.

Shekarar da nake nufi ita ce ta biyun ƙarshe kafin in bar koyarwa. Babanku ya riga ni ajiye aiki, yana zaune a gidanmu na Badariya a Birnin Kebbi, sai ya fara ƙorafin gajiya da ciwon kai, takalminsa na zuwa masallaci ya fara matse shi. Muka je asibiti, aka ɗebi jini da fitsari, likita ya zaunar da mu ya ce ƙodarsa ta fara rauni. Ya hana shi gishiri da kanwa da dunƙulen miya da magungunan ciwon jiki da yake saya a kemis yana haɗiya kamar gyaɗa. Sannan ya tambaye mu wane ruwa muke sha. Na ce na burtsatsen gidanmu. Kun san ruwan nan, zartsi gare shi, sabulu ba ya kumfa a cikinsa, butar shayi kuwa in ta yi wata guda sai an kankare mata farin ɓawo a gindi. Likita ya ce in da hali a nema wa Malam ruwan da ya fi wannan. Bai ce ruwan ne ya jawo ciwon ba, amma ni haka kunnena ya ji, domin ni mace ce da in tsoro ya kama ni sai na samu abin da zan kama da hannu in yi ta faɗa da shi.

Daga ranar na daina samun natsuwa. Ina gaban allo ina koyar da lissafi, hankalina yana kan kofin da babanku zai ɗauka. Mun gwada ruwan leda, sai na riƙa tuna yadda nake ganin buhunansa a jibge cikin rana a bakin titi. Mun gwada tafasawa, na ga farin nan yana nan kwance a ƙasan tukunya. Kai Nasiru ka ce mini a waya akwai injin da ake sawa a gida, a Turance wai ribas osmosis, mu dai injin tace ruwa muka riƙa ce masa. Wata abokiyar aikina ta haɗa ni da mijin ƙanwarta, Yohanna, mutumin Filato da ya daɗe a unguwar Nasarawa yana aikin famfo. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya fara aiki sai ya yi bayani, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Ya kafa injin a bangon kicin, ya kira ni ya nuna mini. Wasu fararen kwalabe uku suna tare laka da ƙura da wari. Daga nan ɗan famfon lantarki yana tura ruwan da ƙarfi ya bi ta wani tantani da aka nannaɗe cikin bututu, wanda ƙofofinsa suka yi ƙanƙantar da ko gishiri ba ya iya ratsawa. Ruwan da ya ratsa shi ne mai kyau, yana taruwa a ɗan tanki ya fito ta siririn famfo. Wanda bai ratsa ba kuma sai ya kwashi duk gishirin da dattin da aka tare, ya fita ta wani jan tiyo. Yohanna ya ja tiyon nan zai kai shi kwata, ni kuwa da na ga yawan ruwan da ke bi ta cikinsa, garau da shi, ya ma fi wanda ke fita ta famfon yawa, sai na ji ba zan iya ba. Ni ma 'yar Argungu ce, da tulu a kaina na girma. Na ce ya fitar da tiyon ta taga ya saka a shuɗin duro, ma yi wanki da ban ruwan zogale.

"To Mama, ba laifi," in ji shi. "Amma wannan ruwa ba na sha ba ne. Ya fi na burtsatse muni, domin abin da aka cire a can, nan ya taru. Ki gaya wa kowa a gidan. Ko in rubuta a jikin duron da fenti?"

"Bar shi," na ce. "Mu nawa ne a gidan? Zan faɗa."

Bayan mako biyu Yaya Kulu ta iso. Ni ina makaranta, ku duk kun watse, ba mai zama da Malam da rana, sai ta bar albasarta a fadama a hannun maƙwabta ta taho jinya ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Ku ba ku san wannan sosai ba: uwarsu ta rasu babanku bai kai yaye ba, ita ta goya shi, ita ta tauna abinci ta sa masa a baki. Har ya yi furfura Garba take kiransa gatsal, shi kuma in tana magana ba ya ɗaga kai. Ni da ita ba ma faɗa, amma ba ma rabuwa da tsokana. Malama take ce mini, da wata irin murya da ke nuna bokon nawa bai cika mata ido ba. Ranar da ta zo, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya gaban injin ta riƙe ƙugu tana kallon yadda ruwa ke tsiyaya daga siririn famfon.

"Malama, wanga abu shi na za ya warkar da Garba? Ai akuya ta hi shi saurin hitsari. Mu da munka sha gulbi munka girma, ga mu nan ba mu mutu ba."

Raina ya sosu. Na ɗebo kofi na miƙa mata, na buga ƙirji na ce:

"Yaya, duk ruwan da ya fito daga injin nan ya fi na kwalba tsabta. Ko jariri aka haifa yau a ba shi."

Ga inda nake so ku tsaya ku karanta da kyau. Jan tiyon yana bayanta, ina ganinsa ta taga yana zuba a duro. Maganar Yohanna ta zo mini har baki. Amma na san in na ce mata injin da nake taƙama da shi yana zubar da ruwa fiye da wanda yake bayarwa, na ba ta abin yi mini dariya har ta koma gida, kuma sai duk dangi na Argungu sun ji. Na ce a raina gobe na gaya mata, in ta huce da tsokana. Goben nan ba ta zo ba. Na manta ne ko na ƙi tunawa, har yau ban iya rabewa ba.

Babanku ba ya shan ruwan firji, yana cewa yana kashe masa haƙori. Randarsa ce dai, wadda ke ƙarƙashin rumfa a kan yashi mai laima, da faifai a bakinta da moɗa a sama. Kullum da safe kafin in fita nakan wanke ta in zuba mata ruwan injin da hannuna. Sai dai bazara ce, zafin Birnin Kebbi kuma kun san shi, ga masu zuwa dubiya ba sa yankewa, kowa ya zauna sai an ba shi ruwa. Kafin azahar randa ta yi ƙasa. Injin kuma in an ɗauke wuta ba ya aiki, ɗan tankinsa ba ya wuce cika buta biyu. Ni ban taɓa tambayar kaina yadda ake yi in na dawo da la'asar nake tarar da randa cike har wuya ba. Daɗi ma nake ji, ina cewa Yaya ta fara yarda da injin.

Wata uku ana haka, jikin Malam kuwa sai baya yake yi. Ƙafafunsa suka kumbura har in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Fuskarsa takan tashi da safe a cike. Duk zuwa asibiti awon jininsa ya hau. Na bi na hana kowa sakat a gidan. Na ɓoye gishiri a ɗakina cikin akwati, na riƙa ɗanɗana miyarsa kafin a kai masa, na zargi abokansa na masallaci da ba shi tsire a ɓoye, har na bincike aljihun rigunansa ko zan ga ƙwayar magani. In na idar da salla sai in zauna a kan darduma ina lissafa abin da ya ci tun safe ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda aka kuskure. Komai na bincika ban da ruwa, domin ruwa ni na gyara shi, kuma ina alfahari da hakan.

Wata Asabar da hantsi Yohanna ya zo canza kwalaben tacewa. Da ya gama, ya fito da wani ɗan abin awo mai kamar biro wanda ake tsomawa a ruwa ya nuna lamba, ya gwada na famfon, ya ce lafiya lau. Malam yana kishingiɗe a rumfa, Yaya tana gefensa tana tsince shinkafa. Sai Malam ya ce cikin raha:

"Yohanna, injin ga naka ya san mutunci. Da hwarko ruwanai salam-salam, ba ɗanɗano. Yanzu kau in ya kwana randa har ɗan garɗi shika yi, awa na gida."

Na ga Yohanna ya dakata. Ya nemi izini ya ɗebi ruwan randa a moɗa, ya tsoma abin awon, ya duba, ya girgiza shi ya sake tsomawa. Sannan ya je famfon tsakar gida ya gwada na burtsatse. Ya dawo ya tsaya yana kallona.

"Mama, na randa ya fi na burtsatse gishiri. Da me ake cika ta?"

Yaya ko ɗaga kai ba ta yi daga farantinta ba.

"Da ruwan injin mana. In na ƙaramin hwamhwo ya ƙare sai in ɗebo na duro. Ba dut daga cikinai suka hitowa ba? Ga shi nan garau, ana barin shi ga wanki, almubazzaranci."

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Abin da na faɗa mata a gaban ƙanenta da gaban baƙo ba zan maimaita shi duka a takarda ba. Na ce wata uku tana ɗura wa mara lafiya dattin da aka tace, na ce jahilci ya fi ciwo kisa, na ce wa ya aike ta. Ta ajiye farantin, shinkafa tana zubewa a tabarma.

"Luba," ta ce, kuma ranar ce ta fara kirana da sunana, "ba ke kinka ce mani dut ruwan da yah hito daga injin ga ya hi na kwalba ba? Kinka ce ko jinjiri a ba shi?"

"Ban ce na duro ba! Na gaya miki na duro na wanki ne!"

Ƙarya na yi. Ban taɓa gaya mata ba. Tsoro ne ya cika ni, na ga in na amsa to ni ce na yi wa mijina wannan abu, sai bakina ya riga ni. Yaya ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa, kamar tsohuwar da ta fara shakkar tunaninta. Yohanna ya dube ni sau ɗaya, ya tattara kayansa, ya ja jan tiyon daga duro ya kai shi kwata ba tare da ya tambaye ni ba, ya yi sallama. Ni kuma ko zuciyata ba ta sauka ba na shiga ɗaki na kira ka, Nasiru, ina kuka, na ba ka labarin yadda na ga dama. Kai ka kira 'yan'uwanka, sannan ka sa aka miƙa wa Gwaggonka waya. Ban ji abin da ka ce mata ba, na dai ga ta riƙe wayar da hannu biyu tana cewa to, to, Allah ya ba ku haƙuri.

Washegari da sassafe ta ɗaure kayanta. Ta durƙusa a bakin ƙofar Malam, ita da ta goya shi, ta ce ya yafe mata. Ya ce ba ta yi masa komai ba, ya roƙe ta ta zauna, ta ce albasarta na jiranta. Ta ƙi a kai ta tasha, ta tari keke napep a bakin layi ta tafi.

Ranar Litinin na ruga asibiti da kwalbar ruwan duron a jaka. Likita ya saurare ni har na gama, ya ce ruwan bai dace da mai ciwon ƙoda ba, kuma mai yiwuwa ya taimaka wa kumburin, amma shi ba zai iya cewa shi ya tsananta ciwon ba, domin irin wannan ciwo yakan ci gaba ko da me aka sha. Na so ya ce e ko a'a. Da ya ce a'a da na samu barci, da ya ce e da na san abin da zan roƙi gafara a kansa. Bai ba ni ko ɗaya ba, kuma har yau a tsakanin nan nake zaune. Kumburin ya ɗan sauka da aka gyara ruwan, sannan ya dawo. Kafin damina ta ƙare an fara yi wa Malam wankin ƙoda.

Sau ɗaya ya taɓa yi mini maganar. Muna dawowa daga wankin ne a mota, ya jingina kai da gilashi, idonsa a rufe, ya ce:

"Luba, Yaya ba ta mantuwa. Abin da anka hwaɗa mata tun muna yara tana riƙe da shi. In da kin hwaɗa mata, da ba ta yi ba."

Na ce zafi ake yi, ya bari sai mun isa gida. Da muka isa ban tayar da maganar ba, shi ma bai sake ba. Na yi ta cewa in ya samu sauƙi zan je Argungu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Sauƙin bai zo ba. Bayan shekara da 'yan watanni Allah ya karɓi abinsa. Yaya ta zo zaman makoki ta zauna can ƙarshen tabarma kusa da zaure kamar maƙwabciya. Ina kallo kuka wuce ta da gaisuwar baki, ke Hafsatu ko durƙusawa ba ki yi ba. Ina da bakin da zan tsayar da ku a lokacin, amma sai na ci gaba da jan carbi.

Sai da na fita takaba na je. Na same ta a tsakar gidanta da rana tana shanyar shinkafa, ta rame, ta rage tsawo. Ta yi mini maraba, ta shimfiɗa tabarma, muka gaisa, muka yi wa juna gaisuwar rashi, ta tambayi kowannenku da sunansa. Muka zauna. Na sha rana a mota, maƙogwarona ya bushe, ga randarta nan a inuwa taku uku daga inda take, amma ba ta motsa ba. A garinmu ko maƙiyinka ya shigo gidanka da rana sai ka ba shi ruwa kafin ka ji abin da ya kawo shi. Na ɗauka fushi ne, na ce a raina na cancanta. Na gyara zama na faɗa mata komai, da gargaɗin Yohanna, da fentin da na hana a rubuta, da dalilin da ya sa na yi shiru, da ƙaryar da na yi mata a gaban Malam. Ta saurara tana juya shinkafa da tafin hannu.

"Na sani ba ki hwaɗa mani ba," ta ce. "Da hwarko na yi ta tunani ko tsuhwa ta, daga baya nig gane. Na yahe maki tun Garba na da rai."

Kuka ya ƙwace mini. Da na samu numfashi na ce:

"To Yaya, in kin yafe, ki ba ni ruwa in sha. Ƙishirwa nake ji."

Ta dubi randar, ta dubi hannuwanta. Ta miƙa hannu har ta taɓa moɗar, sai ta janye ta ɓoye hannun a cikin zane.

"Ɗebi da kanki, Luba. Ko ke ad da laihi ko ba ke ba, hannun ga shi yab ba Garba. Tun rannan ban ƙara ba kowa ruwa ba."

Na tashi na ɗiba da kaina. Daga baya matar da ke maƙwabtaka da ita ta tabbatar mini haka ne, ko jikokinta suka zo sai dai ta nuna musu randa da baki.

Gwaggonku tana nan da ranta a gidan da kuka sani, bayan kasuwa, idonta ne kawai ya rage gani. Ban ce ku kira ta a waya ba, kuma ban ce ku aika mata da atamfa ba. Ku je ku uku, da rana tsaka, ku durƙusa ku gaishe ta yadda ake gaida wadda ta goyi ubanku. In ta shimfiɗa muku tabarma, kai Nasiru ka ce mata kana jin ƙishirwa. Za ta nuna maka randa. Kada ka tashi. Ni na tashi, ban kuma daina nadama ba. Ku zauna nan, ko la'asar za ta same ku, har sai ta ɗebo ta miƙo muku da hannunta.